Mai Labule a Layin Awo

Duk layin da shagonta yake babu wanda ya san ta da wani suna in ba Mai Labule ba. Tun tana amarya labule take ɗinkawa, na taga da na ƙofa, har da masu nauyin nan na ofis da sai mutum biyu sun kama kafin a rataya. Mace ce mai jiki, mai baki kuma. In ta ɗaga murya daga kan keken ɗinki, mai gyaran waya na ƙarshen layi sai ya rage rediyonsa. Ita ce ta taɓa kallon matar mai kanti, wadda ta haihu bayan ta aurar da 'ya, ta ce, "Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance." Mata suka yi ta shewa. Matar mai kanti ta gyara goyonta ta wuce. Baki dai shi ke yanka wuya.

Yanzu ga ta nan, ta haura arba'in, autanta har muryarsa ta fara buɗewa, 'yar farinta na ɗauke da tsohon ciki, ita ma kuma ciki gare ta.

Da farko ta ɗauka al'ada ce ta yi mata sallama, har ta ji daɗi. Sai ranar da tana cikin taka keke abin ya motsa a mararta, motsin da ba ya buƙatar tafinta ga macen da ta haifi biyar. Ta kashe keken ta zauna ta yi tagumi. Da ta faɗa wa maigidan, wanda direban babbar mota ne, mako guda a gida mako biyu a hanya, dariya ya yi har ya ƙware.

"Allah ya ba mu kyauta, ke kuma kina kuka?"

"Kai namiji ne, me ka sani? Da wane ido zan kalli surukina? In rungumi jika a dama, ɗa a hagu? Wallahi in ka faɗa wa wani, ko ƙanwarka ce, ban yafe ba."

Ya rantse, yana dariyarsa, ya hau motarsa ya tafi. Ita kuwa ta ɗauki almakashi ta yanka wa kanta riguna masu faɗi har guda uku. Macen da ta ƙare rayuwarta tana rufe wa mutane tagogi ai ba za ta gaza rufe cikinta ba. Kuma ya rufu, don mai ƙiba in ta ƙara, sai dai a ce hutu ya karɓe ta. Awon ciki kuwa ko kusa. Asibitin unguwar ɗaya ne, nan 'yarta ke zuwa, nan rabin matan layi ke zuwa. Ta gwammace ta haihu a bayan labule kamar mage.

Sai jikin ya fara nasa zancen. Ƙafafunta suka kumbura har takalmanta suka ƙi shiga, ta koma sa silifas ɗin maigida. Zobenta ya nutse a yatsa, da sabulu da mai ta yi ya ƙi fita. Da safe in ta duba madubi sai ta ga fuskar wata, idanu sun shige ciki. Kai kuwa kamar ana sara mata itace a ƙeya, ta sha farasitamol ya yi kamar ba da shi ake ba. Wani lokacin tana neman kafar allura sai ta ga wasu ƙananan taurari suna yawo tsakaninta da zaren. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne fitsarinta, wanda ya koma yin kumfa kamar an zuba omo.

Ranar awon 'yar, surukin yana wurin aiki, don haka ita aka ce ta yi rakiya. Ba ta taɓa kiran 'yar nan da sunanta ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", kamar yadda iyaye da yawa ke yi wa ɗan fari, duk da cewa yarinyar nan malamar makaranta ce mai aji guda a hannunta. Suka shiga zauren awo suka sami benci. Fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska, ma'aunin nauyi na yin ƙara duk sa'ad da wata ta hau, mata sun jeru kowa da cikinta a gaba. Mai Labule ta ja mayafi ta rufe nata, ta zauna a bencin 'yan rakiya.

Malamar jinyar da kowa ke kira Sista ta fito, gajeriyar mace mai tabarau a igiya, ta tafa hannu.

"To, masu ciki, a ajiye waya. Yau zancen hawan jinin ciki za mu yi, wanda in aka bar shi yake kai mace ga jijjiga. Ba ya sallama, ba ya kuma zaɓen mai kyau ko mummuna. Amma akwai waɗanda ya fi so. Mai cikin fari, ina kuke?"

Hannaye suka tashi, har da na 'yar.

"Ku ne 'yan gaban goshinsa. Sai mai tagwaye. Sai mai ciwon suga ko ciwon ƙoda, ko wadda dama can tana da hawan jini. Sai mai ƙiba sosai, a yi haƙuri, ba zagi ba ne. Sai wadda ta haura talatin da biyar, balle arba'in. Sai wadda ta daɗe ba ta haihu ba, shekara goma ko fiye, sannan ciki ya zo."

"Wannan ai ta ajiye makamai, Sista," in ji wata daga baya. "Sai dai in tsohon ne bai ajiye ba."

Zauren ya ɗauki dariya. Mai Labule ma ta buɗe haƙora, don rashin dariyar tata zai fi jawo ido. A ƙarƙashin mayafi kuwa yatsunta take lanƙwasawa, duk abin da Sista ta ambata ya faɗo kanta sai ta kwantar da ɗaya.

"Sai wadda ta taɓa yi a wani ciki," Sista ta ci gaba. "Wannan ita ce a sahun gaba. Sai kuma wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi, don yana bin jini. Ba mun ce lallai sai kin yi ba. Mun ce mu san ki da wuri, mu sa miki ido, in ya kama mu ba ki ƙaramar ƙwayar asfirin tun cikin yana ƙarami. Duk wadda ta ji ciwon kai da ba ya jin magani, ko ta ga kumburin fuska da hannu, ko idonta na ganin walƙiya, ko zafi nan ƙarƙashin haƙarƙari, kada ta jira ranar awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Mai Labule ta nemi ta dunƙule hannun gaba ɗaya, yatsun suka ƙi haɗuwa saboda kumburi.

Da aka kira 'yar, ta ce, "Umma, zo ki raka ni." Suka shiga ɗan ɗakin. Sista ta ɗaura wa 'yar abin awon jini a damtse, ya kumbura ya sace, ta ce lafiya lau. Sannan ta ɗago ta saman tabarau.

"Yawwa, tunda ga Mama nan, a ji daga bakin mai ita. Mama, kin taɓa yin hawan jini ko jijjiga a wani cikin naki?"

Ta taɓa mana. A haihuwar wannan da ke zaune a gabanta ne ma. Abin da take iya tunawa shi ne ta farka a gadon asibiti, harshenta a tattaune, dangin miji sun tsaya daga nesa suna raɗa. Wata gwaggon mijin ta ce iska ce, a danginsu na can take. Maganar ta bi ta shekaru, har sai da ta haifi sauran lafiya sannan aka manta. Ita ma ta haƙa rami ta binne, ba ta taɓa faɗa wa ko ɗaya daga 'ya'yanta ba.

"Ni? A'a," ta ce. "Duk a tsaye na haife su."

"Madalla," in ji Sista, ta miƙa wa 'yar ƙaramar kwalbar roba mai sunanta a jiki. "A kawo fitsari."

'Yar ta shiga banɗaki ta fito tana haki, tana dafe da ƙugu. "Umma, don Allah miƙa mini tagar gwaji, can ƙarshen baranda take. Ƙafata ta riƙe."

Mai Labule ta karɓa ta nufi baranda. Tsakanin zauren da tagar gwajin akwai wani banɗakin, ƙofarsa a buɗe, babu kowa. Nan shaiɗan ya same ta, ko kuma tsoro, don a irin wannan wurin su biyun murya ɗaya gare su. Ta ce a ranta, ai ɗan tsinke kawai za su tsoma. In ya fito lafiya, na ji da kunnena, hankalina ya kwanta, babu wanda ya san na yi awo. Tunaninta iya nan ya tsaya. Mace mai auna taga sau biyu kafin ta sa almakashi, ranar nan ba ta tambayi kanta abin da zai faru in bai fito lafiya ba. Ta shiga ta tura ƙofa, ta zubar da na 'yarta, ta cika kwalbar da nata. Ta goge jikin kwalbar da bakin mayafi ta kai taga ta ajiye, ba ta yarda sun haɗa ido da mai gwajin ba.

Ba a jima ba Sista ta fito da sauri, tabaranta na lilo a ƙirji, ta kira 'yar. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

"Jininki bai hau ba, amma fitsarin nan bai yi mini ba sam. Furotin ya cika shi, irin wanda muke gani in ƙoda ta fara wahala. Hau gadon nan. Likita zai zo ya gan ki, wataƙila mu riƙe ki."

'Yar ta yi fari fat. "Sista, jaririna fa? Wani abu zai same shi?"

"Shi ya sa muke sauri. Kwanta ta gefen hagu."

Ta kwanta, hawaye na bin gefen fuskarta suna shiga kunne. Ta lalubo waya ta kira mijinta. Sannan ta miƙo hannu ta kama na uwarta. "Umma, ki yi mini addu'a. Me na yi ba daidai ba? Duk abin da suka ce na bi."

Mai Labule ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta kasa. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta guji kunyar ciki, ga ta yanzu ta ɗora wa 'yarta ciwon da ba nata ba, tana tsaye tana kallonta tana kuka a kai. An gudu ba a tsira ba. Abin da ta iya fitarwa shi ne, "Ba komai, in sha Allahu," kuma ita kanta ta ji ƙyamar muryar tata.

Likita ya zo, ya sake awon jini, ya latsa ƙafar 'yar, ya duba idonta. Ya ce abin bai haɗu ba, a sake fitsarin, kuma Sista ta kai da hannunta. Kafin sakamako ya dawo surukin ya iso, da rigar aikinsa, gumi sharkaf. Yaro ne mai tsananin kunya, wanda in ya zo gaishe ta tun daga ƙofar gida yake durƙusawa. Ko yanzu da hankalinsa ke tashe sai da ya rusuna ya ce, "Umma, ina wuni," kansa a ƙasa, sannan ya ƙarasa wurin matarsa.

Na biyun ya fito tas, babu ko ɗigo. 'Yar ta fashe da dariya da kuka a haɗe, surukin ya yi ta hamdala. Likita ya ce kwalba ce aka rikita, su tafi gida. Mai Labule ta ji wani sanyi, ta ce a ranta Allah ya rufa asiri, an wuce wurin.

Sai dai Sista ba ta yi murna ba. Ta fita zaure ta tafa hannu da ƙarfi.

"Kada wadda ta tafi! Duk wadda ta ba da fitsari yau za ta sake."

Mata suka hau gunaguni, wata ta ce ta bar tukunya a wuta, wata ta ce ita ba famfo ba ce da za a murɗa ta kawo.

"Ku yi gunaguninku," in ji Sista. "Fitsarin nan ba daga sama ya faɗo ba, daga jikin mace ya fito. Akwai wata a cikinku da ke ɗauke da wannan abin ba ta sani ba. In na bar ta ta tafi, wataƙila ba za ta ga awo na gaba ba, ita da abin da ke cikinta. Na taɓa ganin yadda ake kawo su a bayan mota, an tura musu cokali a baki. Ba zan sake gani ba in ina da iko."

Aka sake rabon kwalabe. Mai Labule na zaune a bencin 'yan rakiya tana kallon mata masu nauyin jiki suna jan ƙafa zuwa banɗaki saboda ita. Ta ji Sista ta leƙa tagar gwaji tana yi wa mai gwajin faɗa, dattijon yana rantsuwa bai taɓa haɗa kwalbar wata da ta wata ba. Ɗaya bayan ɗaya sakamakon ya fito, duk lafiya. Sista ta cire tabarau ta murza ido.

"To ta riga ta tafi ke nan," ta ce a hankali. "Waɗanda suka zo da sassafe. Bari in bi su a waya."

Surukin ya matso, ya tsaya daga ɗan nesa kamar yadda ya saba. "Umma, na samo mota. In kin shirya."

Ta miƙe. 'Yar na gaba tana dafe da kafaɗar mijinta, ita tana biye. Ƙofar fita na buɗe, rana ta haske dandamalin waje, motar na jira. Taku kaɗan ne ya rage ta shiga, ta koma shagonta, ta ja labule. A bakin ƙofar silifas ɗin maigida ya suɓuce daga ƙafarta. Ta sunkuya za ta gyara, sai taurarin nan suka cika mata ido, wani zafi ya soke ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A daidai lokacin abin da ke cikinta ya yi motsi, ƙaramin shuri sau ɗaya, kamar mai taɓa ƙofa yana jin nauyin bugawa. Watanni tana ɓoye shi kamar kayan sata, ba ta taɓa tambayar kanta ko shi yana lafiya ba.

Ta juyo. Zauren cike yake, har da mata biyu 'yan layinsu.

"Sista."

Muryar da ke sa mai gyaran waya rage rediyo, yau da ƙyar ta kai tsakiyar zaure.

"Sista, kada ki kira kowa. Nawa ne."

"Naki me, Mama?"

"Fitsarin. Ni na zubar da nata na sa nawa." Ta kama bakin mayafin ta sauke shi daga kan cikinta. "Ciki gare ni. Ya kai wata bakwai. Ban taɓa awo ba."

Ta tsaya tana jiran shewa, don ta san in ita ce a benci da tuni ta fara. Ba wadda ta yi. Surukin ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya juya ya fice da sauri. Wannan ficewar ta fi mata mari zafi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Sista ba ta ɓata lokaci wurin mamaki ba. Ta zaunar da ita, ta naɗe hannun rigar mai faɗi, ta ɗaura abin awo. Da ta ga abin da ya nuna sai ta ɗaga murya ta ce a kira likita yanzu, a shirya gado da allura.

'Yar ta tako a hankali ta tsaya a gabanta. Idonta jawur.

"Umma, ina kwance ina kuka, kina riƙe da hannuna."

"Na sani."

"Kin gwammace ki mutu da a ce kin yi ciki? Cikin aure? Ki bar ni in haihu babu uwa, don kada matan layi su yi dariya?"

Mai Labule ta kalli kumburarrun ƙafafunta, ɗaya da silifas ɗaya babu. Da yake an riga an yaye labulen, sai ta ga babu amfanin barin sauran.

"Tambayar da Sista ta yi ɗazu, ƙarya na yi. Na yi jijjiga. A haihuwarki. Suka ce iska ce, ni kuma na ji kunyar ku sani." Ta ɗago ta dubi Sista. "Ki sa mata ido. Kin ce yana bin jini."

"Zan sa," in ji Sista. "Ku biyun."

Sai ga ƙarar taya a baranda. Surukin ne ya dawo, yana turo keken marasa lafiya da gudu, ashe abin da ya fita nema ke nan. Ya tsayar da shi a gabanta, ya riƙe shi da hannu biyu, har yanzu idonsa a ƙasa.

"Umma, bismillah," ya ce.

Aka kama ta ta zauna. 'Yar ta yunƙura za ta ɗauko silifas ɗin da ya rage a bakin ƙofa, cikinta ya hana ta kai wa ƙasa. Wata daga cikin matan layin ta tashi ta ɗauko ta miƙa mata, ta ce wa Mai Labule, "Allah ya raba lafiya, Yaya." Babu ko alamar zolaya a muryarta, kuma wannan ne ya sa hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

Surukin ya tura keken suka bi baranda, suka wuce banɗakin, suka wuce tagar gwaji inda dattijon ya leƙo. Ta so ta ce masa ya yafe mata, ta kasa ɗaga kai. 'Yar na tafiya a gefe, silifas ɗin ubanta a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ta ɗora shi a kan cikin uwar, wurin da babu wanda ya taɓa taɓawa in ba ita mai shi ba. Abin da ke ciki ya sake shuri.

"Umma," in ji 'yar, muryarta ta karye, "yana motsi."

"Yana yi," ta ce. "Ya daɗe yana yi."